Ƙugiya a Sunan Baba

A bikin da aka yi na bayan nan a gidan nan, ina zaune a tsakar gida ina cin alkakina ban tsare wa kowa komai ba, sai na ji maroƙi daga ƙofar gida ya ware murya yana cewa, "Amarya jinin Sarkin Fada!" Wallahi saura kaɗan in ƙware. Na tambaya wa ya gaya wa bawan Allahn nan haka, aka ce ai a waya ya gani, haka yake a rubuce a tarihin garinmu. Na duba fuskokinku, ku 'ya'yana da jikokina, na ga kowa sai washe baki yake, har da masu gyara zaman hula. To, kowa ya mayar da hularsa yadda take. Mahaifina bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta akurkin kaji. Sarkin faɗa ne, faɗa irin na ɗaga murya da nuna yatsa. 'Yar ƙugiyar nan da ke kan harafi ɗaya ita ce bambancin, kuma a kanta ni da yayana Garba muka yi wajen shekara ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Tun da ni kaɗai na rage cikin waɗanda aka yi abin da su, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Garinmu na asali, Rafin Marke, yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Idan rani ya tsananta masunta kan ce sun hango kan kukar kasuwarmu, ni dai ban taɓa gani ba. A can Baba ya yi rayuwarsa. Malam Audu sunansa, manomi ne, gajere siriri, in ka hango shi daga nesa ba za ka ce zai iya korar akuya ba. Amma fa ya buɗe baki! Abin mamakin, bai cika yin faɗa a kan nasa ba. A ci masa iyakar gona, sai ya ja tsaki ya wuce. Amma a tauye wa wata tsohuwa mudu a kasuwa, ko a toshe wa Fulanin bayan gari burtalinsu, yanzu ka ga Baba ya jefar da fartanya ya nufi wurin, rigarsa a kafaɗa. Sau da yawa wanda ake faɗan dominsa shi ke komawa ba shi haƙuri.

"Malam Audu, don Allah a bar shi haka, ni na yafe."

"Kai ka yafe, ni ban yafe ba!"

Haka sunan ya bi shi, har yara ba su san yana da wani ba. Da maganar tashi ta zo saboda dam ɗin da za a gina, ina ajin ƙarshe a firamare. Tsarin da aka kawo shi ne a rarraba gidajen garin, wasu a kai su wajen Tudun Wada, wasu Kiru, wasu nan ƙasar Bebeji. Manya suka sunkuyar da kai. Akwai Sarkin Fada na gaske a lokacin, dattijo mai rawani, shi aka aiko ya gaya mana a yi biyayya. Baba ya tafi ƙofar fada ya tsaya. Sarkin Fada ya sa aka kore shi, ya koma. Aka sake korarsa, ya sake komawa, har kwana ya yi a tsare, ya fito bai biya ta gida ba ya koma inda ya tsaya. Maganarsa guda ce, ruwa ya ci gidaje mun ji mun karɓa, amma ruwa bai ce a raba mutum da maƙwabcinsa ba. Aka gaji da shi aka bar mu tare. Unguwar nan da kuke zuwa hutu, inda kowane gida ka shiga sai an ce maka ɗan wane, bakin Baba ne ya gina ta. Shi kansa bai daɗe a cikinta ba. Maƙwabta suka koyi kamun kifi da noman rani, shi kuwa har ya koma ga Allah bai sa kifin dam a bakinsa ba, yana cewa ai a ɗakinsa kifin ya kwana.

Yaya Garba, ɗan fari a gidanmu, shi Allah ya yi shi da sanyi. Tun muna yara, in Baba ya fara a kasuwa, ni sai in kutsa gaba in ga yadda za a ƙare, shi kuwa sai ya sulale bayan rumfar masu gishiri ya ɓuya. "Ɗan sarkin faɗa" da ake kiransa a makarantar allo yana ƙona masa rai, na sha ganinsa yana kuka a bayan rumbu. Ya girma ya zama mutumin kirki, mai noman tumatir da albasa, yana lodinsu a Kwanar Dangora, direbobi da dillalai kowa na ganin girmansa domin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma akwai abin da ke cin sa. Mutanen da muka tarar a sabon wurin suna kiranmu mutanen ruwa. Ba da mugunta ba a yawancin lokaci, sai in maganar aure ta taso. Kun san ba a ba da 'ya ko a ɗauko ta sai an yi binciken asali, an je garin iyaye an tambaya su wane ne. To mu ina za a je? Yaya yana da 'ya'ya mata reras, kuma ya sha jin an ce, "Mutanen kirki ne, sai dai ba a san tushensu ba."

Ni kuma Allah ya kai ni aikin buga tafireta a wani ofis a nan Bebeji, inda na haɗu da babanku. Ku da kuka tashi da waya ba ku san wahalar Hausa a bakin ƙarfe ba. Tafiretar Bature ba ta san ɓa da ɗa da ƙa ba. In ka gama buga takarda sai ka zare ta, ka ɗauki biro, ka bi layi-layi kana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Wasu abokan aikina ba sa damuwa, su ce ai mai karatu zai gane. Ni kuwa in na ga takarda ba ƙugiya sai in ji kamar na fita ba ɗankwali. A cikin shekarun tamanin, da na ga tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da rabin garin a cikinsa, sai na fara ɗaukar rikodar babanku ina bin su gida-gida ranar Asabar. Ba wanda ya sa ni. Na naɗi liman, na naɗi ungozoma, na naɗi wani tsohon maƙeri da ya lissafa mini gidajen garin daga gabas zuwa yamma yana hawaye. Na naɗi Inna, mahaifiyarmu, wadda ta ce ba za ta yi magana da akwati ba, sannan ta cinye kaset biyu gaba da baya. Na tara su a cikin wata tsohuwar kwalla, ina sa barkono busasshe saboda kyankyaso.

Can wajen ƙarshen shekarun casa'in sai ga wani Malam Habu, mutumin Kiru ne, yana koyarwa a wata kwaleji a Kano. Shi da abokansa suna tattara labarin garuruwan da ruwa ya ci, a buga a kwamfuta, a ɗauki tsofaffin hotuna da wata na'ura, a zuba a ɗan faifan kwamfuta da ake ce wa disket a aika wa wani abokinsu a ƙasar waje ya ɗora a intanet. Ya ce duk wanda ya fito daga garuruwan nan, ko a ina yake a duniya, zai iya buɗewa ya ga garinsu. Na tambaye shi ko za a ji muryar Inna a ciki. Ya ce a'a, murya ta yi nauyi, layin ba zai ɗauka ba, rubutu kawai da 'yan hotuna. Da muryar za ta tafi, da duk abin da zan gaya muku bai faru ba, domin kunne ba ya haɗa fada da faɗa.

Na fara zuwa Kano ranakun hutu ina koyon kwamfutar ofishinsa. Yatsuna sun riga sun san hanya, sai dai na yi ta dukan madannan kamar tafireta har yana ce mini, "Hajiya Ladi, a hankali, ba ta yi miki laifi ba." Sannan ya zaunar da ni ya ce akwai zaɓin da zan yi, tun da kaset nawa ne, yatsu ma nawa. Abin da kuke cewa manhaja yanzu, mu furogiram muke cewa, kuma guda biyu ne a gabansa. Na farko mai sauri ne, yana jera sunayen mutane da kansa da manyan baƙaƙe, ka buga suna ya nemo maka, kuma kowace kwamfuta a duniya za ta nuna shafin tsaf. Aibinsa, bai san ƙugiya ba. Malam Habu ya gwada sa ɗan waƙafi a sama kamar yadda wasu ke yi, furogiram ɗin ya ɗauke shi datti ya share. Na biyu yana da haruffanmu duka, har na ji daɗi ya kama ni da na ga ƙa ta fito da kanta ba biro. Aibinsa shi kuma, haruffan a cikin kwamfutar da aka zuba su kawai suke zaune. Wanda ya buɗe shafin a wata kwamfutar, duk inda ƙugiya take sai ya ga ɗan akwati fanko. Bai ɓoye mini komai ba, ya kuma gaya mini gaskiya cewa sauran garuruwan duk na farkon suka ɗauka, shi ma shi ya fi so.

Na ce a gwada mini da maganar Inna. Ya buga shafi ɗaya a kowanne ya ba ni. A mota na karanta, kafin mu kai Kwanar Dangora na ga ɓarnar. A takardar farko ƙaura ta zama kaura, wato tashin da muka yi ya koma sunan dawa. Baƙi sun zama baki, ƙasa ta zama kasa. Waɗannan mai hankali zai gane daga zancen. Amma a saman shafin, cikin jerin sunaye, ga AUDU SARKIN FADA. A ƙasa kuma, inda Inna ta ce sarkin faɗa ne ya tsaya a ƙofar fada har aka bar mu tare, sai ya fito "Sarkin Fada ne ya tsaya a kofar fada har aka bar mu tare." Ba abin da ya karkace a jimlar, ba abin da zai sa mai karatu ya tsaya. Mutumin da aka kora daga ƙofar ya zama mai ƙofar.

Ban wuce gida ba, na sauka a unguwarmu. Na tarar da Yaya ya dawo daga fadama yana wanke ƙafa, Inna tana bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idonta ya fara tafiya a lokacin. Na miƙa masa takardar farko ina jiran ya yi dariya ko ya yi tsaki. Ya karanta, ya sake karantawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

"Ladi, haka zai fito? Kowa a duniya haka zai gani?"

"In na zaɓi wannan, haka zai fito. Amma ai ka ga kuskuren."

"Na gani." Ya ninke takardar a hankali. "Ki bar shi haka."

"Haba Yaya! Baba ne fa."

"Na san Baba ne, na riga ki saninsa. Mu muka rubuta? Ke kika ce a cire? Inji ne ya rubuta abinsa. Ba mu yi wa kowa ƙarya ba."

"In mun gani mun yi shiru fa?"

"Ke 'ya'yanki maza ne," ya ce, bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. "Ni nake zama a zaure ana tambayata su wane ne iyayena, in nuna ruwa. Yau Allah ya kawo abin da zan nuna, ke kuma za ki ɗauki biro ki soke shi?"

Na juya wajen Inna na ce bari in karanta mata duka biyun, tun da maganarta ce. Na karanta ta farko yadda take a rubuce. Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar.

"Wane Sarkin Fada? Mai rawanin nan? Yaushe ya tsaya mana?"

Na karanta ta biyu. Ta ce, "Yawwa." Yaya ya matsa kusa ya yi mata bayani da ladabi, ya kawo maganar yaran, ya kawo maganar asali. Kun san Inna da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta musa masa a gaban ƙanwarsa. Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ni dai abin da na faɗa wa akwatin nan shi na faɗa. Ku kuka san boko." Ta tashi ta shige ɗaki ta bar ni da shi.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ina son Yaya. Shi ya goya ni ranar da muka bar Rafin Marke da ƙaya ta soke ni, shi ya tsaya aka bar ni na ci gaba da karatu bayan Baba ya rasu. Kuma maganarsa ba ta banza ba ce, 'ya'yansa nawa ne, a hannuna wasu suka yi yaye. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ya ce mini, "Ladi, zumunci fa. Harafi ne." Malam Habu ya ce in ina so a ɗauki na farkon a ƙara bayani a ƙasa. Na yi tunanin haka. Amma na yi aikin ofis, na san yadda takarda take tafiya: sunan da ke sama da manyan baƙaƙe shi ake kwafa, bayanin ƙasa a hanya yake zubewa. Kuma Yaya ba bayanin yake so ba. Na koma na sa kaset ɗin Inna na sake ji. Inda ta zo kan sunan, sai da ta yi 'yar dariya, irin wadda mace ke yi in za ta ambaci mijin da ya ba ta wahala kuma take alfahari da shi. Gidansa yana cikin ruwa, gonarsa tana cikin ruwa, hotonsa ko ɗaya ba mu da shi domin ya ce ba zai tsaya wa mai hoto kamar gunki ba. Sunan nan kaɗai ya bari, shi ma ba shi ya raɗa wa kansa ba, mutanen da ya yi wa faɗa ne suka ba shi. Na ji ba zan iya sa yatsana a cire masa shi a ba shi na mutumin da ya sa aka kore shi ba. Na yi kuka sosai, sannan na koma Kano na ce wa Malam Habu mai ƙugiya nake so.

"Kin san yadda zai fito a waje?"

"Na sani. Gara a ga rami a tambaya."

Ya girgiza kai, ya ce to. Ya yi mini adalci, bai sake tayar da maganar ba, ya zauna ya koya mini inda kowace ƙugiya take ɓoye a madannan.

Na yi watanni ina bugawa, kunne a rikoda, yatsu a kwamfuta. A ofishin Malam Habu shafinmu ya fi na kowa kyau, kana karantawa kamar kana jin tsofaffin. A waje kuwa, tabɗi! Abin da aka faɗa mini shi ya faru, har ya fi. Hausa ai ba ta layi guda ba ƙugiya. Shafinmu ya fito kamar tabarmar da gara ta ci. Sauran garuruwan suna samun wasiƙu daga 'ya'yansu na nesa, wani ya gano kawunsa, wani ya aiko da hoton masallacinsu na da. Mu shiru. An sa bayani cewa wanda yake so ya ga haruffan ya sauke su a kwamfutarsa, amma wa zai tsaya, ana biyan layi da minti? Mutanen unguwarmu da suka ji labari suka ce Ladi ta je ta ɓata mana gari da iyayi. Har liman sai da ya aiko a tambaye ni ko ba za a gyara ba.

Yaya ya shiga Kano da lodin albasa, ya sa aka buga masa shafin a wani shagon kwamfuta. Ya biyo ta gidana, bai shigo ba, daga zaure ya aika a kira ni. Ya miƙo mini takardar. A saman an rubuta Audu sarkin fa, sai akwati, sai a.

"Ga babanki nan," ya ce, "da rami a tsakiyar sunansa. Kin huta."

Da can duk wucewar da zai yi sai ya sauke mini kwandon tumatir ya sha ruwa mun yi hira. Daga ranar ya daina tsayawa. In na je unguwa mu gaisa, ina kwana ina gajiya, ya tambayi yara, ya ɗauki buta ya fita. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi, don ni 'yar Baba ce, na san yadda ake faɗa a gama. Wannan shirun ne ban san inda zan kama shi ba. Sallah ta zo ta wuce a haka. Na rame, har a ofis ana tambayata ko lafiya.

Ana nan sai maganar auren Kulu ta taso, 'yarsa ta biyu, wadda ke karatu a Zariya. Yaron ɗan gidan mutunci ne a can, suna son juna ƙwarai. Ranar da manyansa za su zo, dole gwaggo ta kasance, aka aiko mini ta bakin matarsa. Bayan azahar suka iso. Maza suna zaure, babanku yana cikinsu, ni kuma ina ɗakin Inna, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da zauren, da 'yar taga a sama an rufe ta da labule. Inna a lokacin ta daina gani gaba ɗaya, tana kwance yawancin yini. Muna jin gaishe-gaishe, muna jin an kawo ruwa da fura. Sai wani dattijo cikin baƙin, kawun yaron, mai son raha, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, mun so mu je garinku bincike kamar yadda aka saba, aka ce mana sai da kwalekwale."

Aka yi dariya, har da Yaya, 'yar dariyarsa ta ladabi. Na ji ƙarar takarda.

"To yaronmu ya ce yanzu ba a wahala, ya bugo mana tarihin garin daga kwamfuta. Mun ga sunan mahaifinku. Sai dai akwai wani ɗan akwati a ciki da ya rufe harafi. Mu dai mun ce Sarkin Fada ne, ai ga alama nan a jikinka. Ko ba haka ba?"

Ba wanda zai musa wa Yaya a zauren nan, babanku ba zai buɗe baki ba, na sani. "I" kawai Yaya zai ce, ko ma ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, a wuce wurin. Wallahi a lokacin har addu'a na yi a zuciyata ya ce i, saboda Kulu tana bayan ƙofa tana ji.

"Faɗa ne," in ji Yaya, a hankali. "Sarkin faɗa."

"Af! Mafaɗaci ke nan?" Dattijon ya yi dariya. "To, Allah dai ya sa ba a gado."

Raha yake yi, na tabbata bai yi nufin cin fuska ba. Amma abin da ya biyo baya, ni da na sha nono ɗaya da Yaya ban san yana da shi a ƙirjinsa ba.

"Ana gado!" Muryar ta daki bango har ƙasa ta zubo daga tagar. "Ana gado, Alhaji! Wannan zauren da kake zaune, da gidan da ke dama da shi, da na hagu, da masallacin da kuka yi salla, faɗansa ne ya ajiye su wuri ɗaya! Masu rawani suna nan aka ce a watsa mu kamar kaji, wa ya buɗe baki? Shi kaɗai, da rigarsa guda! Kun zo binciken asali? To ga shi nan, ku rubuta, ku cike akwatin da kyau!"

Waɗannan baƙin ba su dawo ba. Sun yi sallama da mutunci, aka ce za a ji daga gare su, ba a ji ba. Kulu ta yi kukan da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Daga baya ta auri wanda kuka sani, ta zauna lafiya, amma ban taɓa samun ƙarfin tambayarta ko ta yafe mini ba. Yaya ya koma sauke mini tumatir, bai ce komai a kan maganar ba har ya rasu, ni ma ban ce ba. Shafin kuma, da aka canja na'urori, wani da ban sani ba ya kwafe shi, ya ga akwatuna ya cike su da abin da ya ga dama, shi ne abin da ke cikin wayoyinku.

Amma a ranar nan ina ɗakin Inna lokacin da muryar Yaya ke tashi. Na ga ta yunƙura, ita da sai an tayar da ita, ta dafa bango ta zauna da kanta. Ta juya fuskarta wajen tagar.

"Ladi, wa ke faɗa a zaure?"

"Yaya ne, Inna. Bari in aika a ba shi haƙuri."

Ta lalubo hannuna ta riƙe gam, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Hawaye na bin kuncinta, bakinta kuma yana murmushi.

"Kada wanda ya taɓa shi," ta ce. "Ɗage mini labulen nan in ji sosai."